Gawayin Ɗorawar Rawayau

Sodangi na tsugune yana goga bakin gawayi a kan dutsen da ke ƙofar ɗakinsa, kamar yadda yake yi kowace safiya kafin ya tafi tasha. In gawayin ya yi tsini sai ya hure shi, ya shiga ciki, ya ƙara wa bango reshe ɗaya ko 'yan ganyaye.

Sana'arsa zanen motoci ce. Tun yana saurayi yake zama a gefen tashar Dutsin-Ma da gwangwanayen fenti, yana yi wa manyan motoci daji a gadon baya: itatuwa kore shar, tafki, barewa tana shan ruwa. Yawancin motocin nan itace da gawayi suke ɗauka. Direbobi kan yi masa tsiya, su ce duk dajin da ya rage a ƙasar Katsina shi ya shuka shi da buroshi.

Abin da ke bangon ɗakinsa kuwa ba na sayarwa ba ne. Ɗorawar gonar mahaifinsa ce ta Rawayau, wadda Inna, mahaifiyarsa, ta rene su da daddawar kalwarta. Damina ta riƙa makara, in ta zo kuma ta sauka da haushi, ta ɗauke da wuri. Ɗorawa ta rage 'ya'ya, ta daina, ta bushe a tsaye. Ƙanensa Ya'u ya sayar da ita ga masu ƙona gawayi. Sodangi bai yi faɗa ba. Ya hau babur ya je, ya roƙi buhu guda na gawayin, ya shafe bangonsa da farar ƙasa, ya shiga mayar da itaciyar da gawayin jikinta.

Labari ya kai jami'a. Wata malamar zane, Hafiza, ta zo ta ɗauki hoto, ta ce irin wannan aiki ake nunawa yanzu a manyan birane a kan sauyin yanayi. Ta tambaye shi ko zai sake wani a kan ƙyalle. Ya ɗaga mata buhun, ya kusa zama fanko.

"Malama, ba ni da wata ɗorawar," in ji shi.

Inna kaɗai aka ɓoye wa cewa an sare ɗorawar. Tun da ƙafa ta gaza aka dawo da ita Dutsin-Ma, 'ya'yan suka haɗa baki kada a ɓata mata rai. Kowace bazara takan tambaya ko ɗorawa ta yi fure, a ce mata ta yi. Shi ya sa ɗakin ba ya rabo da kwaɗo.

Safiyar nan yana tsaye gaban bango da gutsure na ƙarshe, sai ya ji ƙarar sanda a bayansa.

"Kai, wannan," ta ce, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Ashe abin da ake kullewa ke nan. Na zaci zinari ka binne."

Ta dogara sanda ta matso. Ta daɗe tana kallo. Ta dafa gindin itaciyar, ta juya tafin hannunta ta duba baƙin.

"Bana ma ta yi fure?"

"Inna..."

"Kada ka yi mini ƙarya da sassafe. Daddawar da Ya'u ke kawowa ta waken suya ce. Ƙafata ce ta tsufa, ba hancina ba. Na ƙyale ku ne don na ga ƙaryar tana yi muku amfani." Ta murza yatsunta. "Gawayinta ne?"

"Nata ne."

Ta gyaɗa kai, ta nuna wani farin fili a jikin bangon. "Ina reshen gabas? Wanda ya sunkuyo, inda nake rataya zane in yi maka inuwa?"

"Shi nake ta kewayewa. Na manta yadda ya lanƙwasa, kuma wannan gutsuren kaɗai ya rage. In na ɓata shi ke nan."

Inna ta jingine sandarta, ta miƙo hannu. Hannun na rawa. Ya dubi rawar, ya dubi gutsuren, ya ɗora mata a tafi.

"Ka tsaya mini a ka kamar mai bin bashi," ta ce. "Ba ka da aiki a tasha ne?"

Ya ji gawayi ya fara ƙara a jikin bango, a hankali, yana gangarowa. Bai waiwaya ba. Ya ɗauki gwangwanayen fentinsa, ya bar kwaɗon a kan taga, ya fita.