Dutsen da Aka Daka Kwalli

Ƙuruciyata a ramin dutse na Figil ta ƙare. Can na bar yatsu biyu. Da ɗana ya dawo daga Turai ya ce shi ma aikin dutse yake yi, sai na ce ya nuna mini hannunsa. Laushi kamar na jariri.

Dutsen nasa yana cikin 'yar kwalba, baƙi, mai ƙyalli, bai kai farce ba. Ya ce falle-falle ne kamar albasa. Da salatif suke ɓare shi, su manna su ɗaga, har ya rage falle ɗaya da ido ba ya gani. A ciki, wai, akwai wasu ƙananan abubuwa masu juyi kamar katantanwa. In aka iya sarrafa juyinsu, waya za ta riƙe bayani ba tare da shan batir ba. Ƙato da gemu yana wasa da salatif, ana ce masa dokta.

Abu ɗaya na saurara. Ya ce wata jami'a a nan arewa za ta ba shi ɗakin bincike, da wannan dutsen zai fara, ya zauna kusa da mu. Uwarsa ta tsufa da jiransa a Garwa. Ni kuwa na sa an gyara rufin ɗakinsa na gida.

Ya ajiye kwalbar a cikin kwallar uwarsa, don nan ne ba mai taɓawa. Ita kuwa ta ɗauka tsarabarta ce yake jin nauyin miƙawa, kamar yadda 'ya'yan kirki ke yi. Ranar sunan maƙwabta ta daka shi a kan dutsen niƙa, ta rambaɗa a ido, ta sam wa ƙawayenta. Ta dawo tana cewa kwallin Turawa ba ya kama ido kamar namu.

Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Wai wani abokinsa ya yi watanni yana gasa dutsen a tanda, ba za a sake ba shi wani ba. Bai tambayi ko idonta na zafi ba. Ni na kai ta asibiti aka duba, lafiya lau.

Da yamma ya same ni a zaure.

"Baba, ba a iya aiki a nan. Ko haƙuri ba ta ba ni ba."

"Uwarka ce za ta ba ka haƙuri?"

"Ba ku san abin da ta lalata ba."

"Kai ma ba ka san abin da ta ɗauka ba. Ta ɗauka ka tuna da ita."

Ta so ta je ta roƙe shi. Na hana. Matar da ta haife shi ba za ta durƙusa wa tsakuwa ba.

Ya hau motar Ngawundere don ya kama jirgin ƙasa, ya koma Turai. Ita ta raka shi tasha. Ni na tafi kasuwa.