Ƙofar Ƙarfe a Shagon Yadi

Shagon yadin da na fara aiki a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, tsohon banki ne, kuma ƙofar ma'ajinsa tana nan, kaurinta ya kai kamu guda. Kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya hana a rufe ta, don wanda ya san lambobin buɗewa ya rasu.

Da mahaifiyata ta zo Umra, ta biyo shagon. Na murza mata sitiyarin ƙofar, sandunan ƙarfe suka leƙo ta gefe, na bar su a waje don kada ta kulle.

Na ce, "Inna, tura ta."

Ta sa yatsa, ƙofar ta tafi sumul, ko ƙara babu. Ta yi dariya, ta sake turawa, har shayin da na kawo mata ya huce.