Hayaƙin Zaƙami

Ba wanda yake shuka zaƙami. Da kansa yake zuwa, ya tsaya a kan juji bayan gida, inda ake zubar da toka da shara. Furensa fari ne dogo kamar kakaki, 'ya'yansa kuma dunƙule da ƙaya kamar bushiya ta naɗe. Akuya mai cin tsumma ma in ta zo gabansa sai ta kau da kai. A gidan da aka kai ni aure, can gindin duwatsu wajen Yalwawa, lokacin tana 'yar ƙauye cikin dabinai, akwai guda ɗaya da ya kai ƙugun mutum. Tsofaffi suna ce masa haukata-yaro.

'Yata ta fari da fuka ta zo duniya. Yau da na koyi riƙe alƙalami ina rubuta “'yata” ba wahala, amma a wancan zamani ban isa in faɗa ba. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane. In ta faɗi ta fasa leɓe, sai ki kau da ido har wani ya ɗauke ta. Ana yaye ta, uwar mijina, wadda muke kira Iya, ta mai da ita ɗakinta. Yarinyar ta tashi tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannen mijina mata suna yi. Ni kuma in zan yi maganarta sai in ce “'yar Iya”. Ba rashin so ba ne. Haka uwata ta yi da ni, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba.

In fukar ta tashi, ƙirjinta yakan yi kuka kamar 'yar kyanwar da aka rufe a tukunya. Kafaɗunta su ɗaga, leɓenta ya yi toka-toka. Ina zaune bakin ɗakina da mazari ina kaɗi, ina jin kowane numfashi, ba ni da ikon tashi. Iya ce take tashi. Tana da busasshen ganyen zaƙami da ta shanya a inuwa. Sai ta ɗebo garwashi a kasko, ta murtsuke ganye guda a kai, ta lulluɓe yarinyar da zane tare da kaskon.

“Ƙawata, zo ki sha tabarki.”

“Iya, wari gare shi!”

“Wari? Ke da kike kwana a bayana, wane wari ne ba ki saba da shi ba?”

Kafin garwashin ya yi toka, kukan ƙirjin ya lafa. Sai ta fito tana neman ruwa, bakinta a bushe, ta sha ta koma wasa. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, don haka ba zan ce zaƙami ba magani ba ne. Iya tana da ƙa'ida kuwa. Ganye kawai, ban da ƙwaya. Takan ce ganyen baran gida ne, ana aikensa ya dawo, amma ƙwayar sarki ce, ba a aiken sarki. Ƙwayoyin da take tarawa a ɗan gora na ciwon gwiwarta ne, takan daka su da mai ta shafa.

Shekarar da yarinyar ta fara famfarar haƙora aka zo ɗiban maza aikin hanyar jirgin ƙasa ta Nasara wajen Ringim. Kowace unguwa ta ba da nata. Mijina yana ciki, shi kaɗai ne namijin da ya rage wa Iya, sauran kuwa yunwa da ciwo sun ɗauke su tun suna ƙanana. Aka ce ƙasa za su ɗauka a kwando, kafin a yanke gero sun dawo. Aka yanke gero, aka ɗaure, ba su dawo ba.

Ƙaiƙayin sussuka ne ya tayar da fukar, mai tsanani irin wadda ba mu taɓa gani ba. Iya ta buɗe ƙunshin ganye ta tarar danshin damina ya lalata shi, na kan juji kuma ya kaɗe. Na ga ta tsaya da ɗan goran a hannu, tana duban yarinyar, tana duban goran. Sannan ta ɗan tsakura da yatsu biyu ta zuba a garwashi.

Numfashin ya buɗe. Amma da aka yaye zanen, yarinyar da ta fito ba irin ta kullum ba ce. Baƙin idonta ya bazu ya cinye ido, tana kare fuska daga hasken hantsi. Ta zauna tana tsintar wani abu a iska, a hankali, kamar mai cire auduga. Can sai ta dubi ƙofar zaure ta yi murmushi.

“Baba, shigo mana. Me ya sa ka ɗaure ƙafa?”

Muka waiga. Ba kowa sai kaza tana tono.

Washegari ta tashi ba ta tuna komai sosai ba. Da a nan ya tsaya, da ba ni da abin rubutawa. Sai ga wani mutumin unguwar gaba ya dawo daga wurin aikin da zazzaɓi, Iya ta aika a tambaye shi. Ya ce ya ga mijina da rai, sai dai diga ta sare shi a ƙafa, ya ɗaure da tsumma. Ni a raina na ce, mutanen da ke haƙar ƙasa ba takalmi, wane ne a cikinsu bai ɗaure ƙafa ba? A raina kawai na faɗa. Iya kuwa ta zauna a tabarma ta yi ta kuka tana hamdala, tana shafa kan yarinyar.

Bayan kwana kaɗan na ji ƙanshin hayaƙin, alhali ban ji kukan ƙirji ba.

Magana ba ta kwana a unguwa. Matan da aka ɗebi mazansu da 'ya'yansu suka fara shigowa bayan azahar, wannan da dabino a gefen zane, wannan da ƙwaryar fura. Matar maƙeri ita ce kan gaba, mace mai baki, ɗanta na fari yana can.

“Iya, an ce Nasara sun ja waya a kan itace tana kai magana Kano. Mu tamu wayar ga ta nan tana lasar tuwo! Ke 'yar tsohuwa, in kin ga nawa ki ce masa uwarsa ta ce ko ya mutu ya aiko a sani.”

Aka yi dariya. Dariyar ba ta kai ciki ba.

Yarinyar takan faɗi abubuwa. Wani lokaci mutane ne a jere da kwanduna suna ratsa bango. Wani lokaci tururuwa ce ta cika mata zane. Ta yi hira da waɗanda ba ma gani, ta miƙa musu abin da ba ta riƙe da shi ba. Kowace mace ta tsinci nata a cikin maganar ta tafi da shi gida. Wadda ta ji “dogo” ta ce nata ne. Wadda ta ji “yana dariya” ta samu barci.

Ni aikina kallo, kuma mai kaɗi tana da lokacin kallo. Na ga jikin yarinyar yakan yi zafi kamar dutsen da rana ta daka, amma ko ɗigon gumi babu. Na ga tuwo yana tsaya mata a wuya don ba yawu. In ta wuce kusa da ni, jijiyar wuyanta tana bugawa kamar ta tsuntsun da aka kama. Idon ma ya daina komawa daidai tsakanin hayaƙi da hayaƙi, ta kai hannu ga ludayi ta kuskure. Kuma tsakuren Iya yana ƙaruwa, don duk ran da ba a ambaci mai ɗaurin ƙafa ba, sai ta ce hayaƙin ne bai isa ba.

Na gwada magana ta hanyar da aka yarda mini. Na durƙusa bakin ƙofarta da ƙwaryar ruwa.

“Iya, sannu da hutawa. Kamar 'yar nan taku ba ta yi fitsari ba tun jiya.”

Matar maƙeri ta tafa hannu. “Laa! Ku ji mini marar kunya. Har fitsarin 'yar fari kike lura da shi? Mu a zamaninmu ko tana cin wuta ba ma ɗaga kai.”

Iya ba ta yi dariya ba. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Yarinya, ni na raine ta. Je ki aikinki.”

Na koma ga mazarina. Ba na ganin laifin Iya har cikin zuciyata. Ita ma uwa ce tana leƙen ɗanta, ta ƙofa ɗaya da ta samu. Sai dai ƙofar 'yata ce.

Ranar da abin ya ƙare, da rana tsaka ne, mata sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Na ji muryar yarinyar ƙasa-ƙasa.

“Iya, yau ƙirjina lafiya lau. Ba na son mutanen nan, ba sa amsa mini.”

“Yau kaɗai, ƙawata. Ki duba mini babanki, in ba ki dabino mai taushi.”

Aka lulluɓe ta. Ta yi tari, ta yi 'yan maganganu, sannan shiru. Matan suna jira, har wata tana cewa a yi shiru ta yi nisa. Daga inda nake ina hango ƙafarta ta leƙo ƙarƙashin zanen. Sai na ga ƙafar ta miƙe ta sandare, ta shiga bugun ƙasa.

Ban san sa'ad da na yar da mazarin ba. Ban yi sallama ba, ban durƙusa ba. Na tsallake ƙafafun manyan mata, na fizge zanen, na ture kaskon garwashi ya watse. Na kira sunanta, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Na kira da ƙarfi har na ji shi baƙo a bakina.

Ta buɗe idanun nan baƙaƙe ta dube ni, ta dubi bayana. Da ƙyar harshenta ya juya.

“Wace ce wannan?”

Wata ta ce, “Innalillahi, ta kira sunan!” Matar maƙeri ta buɗe baki, na riga ta.

“'Yata ce. Ni na haife ta.”

Na sungume ta zuwa gindin randa, inuwar dabino. Na tsoma zanena na lulluɓa mata, kafin in juya ya bushe, na sake tsomawa. Matan suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba mai sallama. Ina cikin haka na ji mutum ya durƙusa kusa da ni. Iya ce, da gawayi da ta daka ta dama a ruwan tsamiya.

“Ɗaga kanta. Kaɗan-kaɗan, kada ta shaƙe.”

Muka yi ta yi, ita tana ɗurawa ina jiƙawa, ba wadda ta dubi 'yar'uwarta. Bugun ƙafar ya tsaya wajen la'asar. Ta yi barci mai nauyi har muna sa kunne a hancinta. Washegari da hantsi, tana kan cinyata, na ji ɗumi ya ratsa zanena. Ban taɓa murna da wani abu a duniya kamar fitsarin nan ba. Iya ta gani, ta tashi ta ɗauko ɗan goran ta juye shi a masai. Ba ta zuba a wuta ba, ta san hayaƙinsa.

Ba ta taɓa yi mini maganar ranar ba har ta rasu. Unguwa kuwa ta yi, aka daɗe ana nuna ni a gidan biki. Fukar ba ta rabu da yarinyar ba, kuma da sabon ganye ya fito ni nake murtsuke rabinsa da hannuna, Iya tana riƙe da zane. Shekaru da yawa bayan haka wani malamin asibiti ya gaya mini likitoci ma suna tatso wani abu daga dangin wannan tsiro, su ɗiga a ido don ya buɗe, su ba mai fuka, amma da ma'auni, don tsakanin maganinsa da dafinsa bai kai faɗin farce ba. Ya ce abin da yake buɗe ƙirjin shi ne yake rikita kan. Na ce masa na sani.

Mijina ya dawo da rani, a rame, da ƙafafunsa biyu. Ya yi sallama a ƙofar zaure, Iya ta tashi tana tuntuɓe da zane. Yarinyar tana tsakar gida tana wasa da ƙwallon goruba. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da wasanta.

“Ke, ba ki ga babanki ba?” in ji Iya.

Ta ce, “Na gan shi. Ai yanzu zai tafi, kamar kullum.”

Ya tsuguna ya miƙa mata hannu, ta ƙi. Ya kira ta, ba ta amsa ba. Sai da na kama hannunta na ɗora a gwiwarsa, ta taɓa, ta matsa, ta ja gefen rigarsa. Sannan ta ce, “Sannu da zuwa, Baba,” a hankali, tana riƙe da rigar.

Yanzu ita ma ta yi jikoki, tana aure a Ringim, kusa da hanyar jirgin. Mutane suna cewa tana da son jama'a, don duk wanda ya shigo gidanta sai ta kama hannunsa ko gefen mayafinsa kafin ta amsa gaisuwa. Ni ma in na je haka take yi mini. Nakan tsaya shiru, in bar ta ta taɓa, har ta tabbata.