Fuskar Mailafiya a Jikin Ƙyaure

Batulu tela ce, 'yar Assakio. Ta shekara goma sha ɗaya tana ɗinki a wani layin shagunan kwano kusa da tasha a Lafiya. Ba ta yi makarantar zane ba, amma ta iya liƙa ƙyallaye a jikin katako har su zama hoto.

Shekara uku da suka wuce Alhaji Mailafiya, shugaban 'yan layin, ya haɗa baki da wani mai gidan mai aka sayar da filin da shagunan suke. Ranar Juma'a ya rantse musu babu abin da zai taɓa su, ranar Litinin da safe katafila ta iso. Batulu ta tarar da keken ɗinkinta a murƙushe ƙarƙashin bulo. Da ta je gidansa, a gaban baƙinsa ya ce ta koma ƙauye ta yi noman doya, birni ba nata ba ne.

Ba ta yi kuka ba. Sau uku ta ɗauki keke napep tana kwashe tarkace zuwa gidan ƙanwarta Zuhra. Wata biyu tana harhaɗa fuskar Mailafiya a jikin ƙyauren shagonta da aka rushe. Ta yi haƙoransa da karyayyun allurai, hularsa da atamfar mutane da rusau ya lalata, hancinsa da ƙafar keken ɗinkin. Da fuskar ta fito ta jingina shi bakin titi, inda Zuhra ke soya awara.

'Yan acaɓa ne suka fara tsayawa suna dariya. Sai Seember mai kitso, wadda ita ma shagonta ya tafi, ta gane labulenta a wuyan rigarsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta koma gida ta kawo karyayyen mataji ta ce a sa masa a gemu. Daga ranar kowa ya riƙa kawo nasa: kwaɗon ƙofa, murfin tukunya, dutsen guga.

Rannan Mailafiya ya zo da kansa, ya ce zai saya ya ƙona.

"Ba na sayarwa ba ne, Alhaji," in ji Batulu. "Ko kunnen hagu ban gama ba."

Ya ce zai kai ta ƙara. Ta ce masa babu sunan kowa a jiki, in ya ga kansa ya je ya faɗa wa alƙali da bakinsa. Bai kai ƙarar ba. Da 'yan layin suka samu sabon wuri, ko sunansa ba a ambata a zaɓen shugaba ba, shi kuwa har hanyar zuwa masallaci ya canza don kada ya bi ta gaban hoton.

Yanzu mutane na kawo mata tsofaffin kayan iyayensu da suka rasu, ta yi musu hoto, kuma tana yi da kyau. Zuhra ta sha roƙonta ta sauke fuskar, ai ta rama. Batulu takan ce tukuna, akwai mutum huɗu na layin da ba su kawo nasu tarkacen ba.