Inda Titi Ya Kauce wa Baba

Zongo zuwa Godome

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gidanmu a Zongon Kutonu. Inna ta rako ni bakin ƙofa tana dogara sanda.

"Ka gano mini kabarin ubanka kafin in koma Katsina," ta ce. "Gindin mangwaro, kusa da rijiya."

Shekara ashirin da biyu da rasuwarsa a Kokotome, ƙauyen da yake ya da zango da shanunsa. Tun ranar jana'iza ban sake taka wurin ba, abin kunya.

A shingen bincike na Godome jandarma ya tsayar da motar da na hau, ya jujjuya katin shaidata. "Kamarad, sai ina?"

"Ziyarar kabari."

Ya ce juyin juya halin da gwamnati ke yi, wanda ya mai da kowa Kamarad, na masu rai ne, amma in wuce.

Kokotome

Bakwai da minti goma direba ya ce mun iso. Na ɗauka zolaya ce. Ni bukkoki tara na sani da itatuwan kwakwa. Yanzu ga gidajen siminti har inda ido ya tsaya, ga makaranta, ga teloli, ga ma'aikatan ofisoshin unguwar Ganhi ta Kutonu da jakunkunansu suna jiran mota. Na tsaya baki buɗe. Awa biyu ina yawo, ba mangwaro, ba rijiya. Hankalina ya tashi: me zan faɗa wa Inna?

Na zauna wajen wata tsohuwa mai sayar da agidi, tuwon masara na cikin ganye, na yi mata bayani. Ta ajiye wuƙa.

"Bahaushe mai rijiya? Taso, ɗana."

Muka bi wani titi miƙaƙƙe. Can sai ya lanƙwasa, ya yi kwana, ya koma hanyarsa. A cikin kwanar ga gajeriyar katanga an shafe ta da farar ƙasa.

"Masu awon titi sun ja igiyarsu ta kan kabarin nan," in ji ta. "Tsofaffinmu suka ce baƙon da ya haƙa mana ruwa ba a taka shi. Don rijiyarsa mutane suka fara zama a nan."

Na durƙusa na yi addu'a, motoci suna kewaya mu. Na yi kuka sosai.

Gida

Da la'asar na iso Zongo lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa mutanen Kokotome.

"Ka same shi?" Inna ta tambaya.

"Inna, gari guda ke kauce masa."

Ta murmusa. "Da ransa ma bai taɓa ba kowa hanya ba."