Jirgin Yaƙi da Amalanken Babana

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar wata Asabar abin ya fara lalace mini. Shugaban ƙungiyar iyayen yara, wani dattijo mai sayar da goro, ya ɗaga sandarsa daga bencin gaba ya ce wa malaminmu, "Mushe, in da Faransanci za ku yi, mi kuka kira mu mu yi nan? Ku yi da Hausa mu ji."

Iyaye suka ɗauki tafi. Ni kuwa na dubi takardun hannuna, duk da Faransanci aka rubuta su.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta Filinge a lokacin. Malamin tarihi ne ya shirya muhawara a tsakar makaranta, ya gayyaci iyaye. Batun a rediyo ya ji shi: ƙasar da ta iya ƙera bindigogi da harsasai, ta ci gaba da sayar wa ƙasashen waje tana samun riba, ko ta karkata ƙarfinta wajen ƙera jiragen yaƙi nata? Mu da muke ɗaga kai mu ga jirgin soja ya wuce wajen Abala, batun bai yi mana nisa ba.

Ni aka ba ɓangaren ƙera jirgi. Ɓangaren sayarwa ya faɗa wa wani ɗan ajinmu, ɗan mai shago a bakin tasha, wanda tun yana ƙarami bakinsa ke jawo masu ciniki. Ni ko sunana aka kira a aji sai in sunkuyar da kai. Don haka na yi makonni ina shiri. Na karance abin da ke ɗan ɗakin karatunmu, na tsara jawabina da Faransanci mai tsafta, na haddace shi ina karanta wa awakinmu a bayan ɗaki.

Abin da nake nema ya wuce cin muhawara. Ina son in na gama lise in tafi Yamai in karanci aikin injuna, lokacin neman gurbi kuma ya kusa wucewa. Ni ce 'yar fari, babana ba ya faɗin sunana, ba ya zama hira da ni. Ta bakin baffana, ƙanensa da suke maƙera ɗaya, na aika roƙona tun damina. Amsar da ta dawo ita ce, "Na ji." Inna ta ce a bakin babana wannan ba i ba ne, ba a'a ba ne. Sai na ƙudurta cewa in ya gan ni tsaye gaban jama'a ina zuba Faransanci, zai yarda ɗiyarsa za ta iya da birni. Ga shi can a bencin baya, rawani ya rufe masa baki, ga Faransancin an ce a ajiye.

Abokin karawata ya fara, fuskarsa kamar ranar salla.

"Iyayena, ina kwananku? Wanda ke da rumfa mai ciniki a kasuwar Lahadi, zai rufe ta ya tahi koyon abin da bai iya ba? Jirgi fa ba tukunya ba ne da za a gina yau a gasa gobe. Kafin ya tashi, jikokinmu sun yi furfura. Mu saida abin da muka iya, mu sayi abin da ba mu iya ba, kowa ya kwana lahiya!"

Aka yi ta dariya ana gyaɗa kai. Sai aka ce saura ni.

Na miƙe. Na duba takarda, ba kalma ɗaya da ta yarda ta zama Hausa. Wata mata mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, a ƙofar makaranta ta ce, "Ɗaga murya, ɗiyata, ba mu cizo!" Na kawar da kai don kada hawaye ya zubo, sai idona ya faɗa kan amalanken jakuna da iyaye suka ɗaure a bakin shinge. Da yawansu suna da jan fenti a baya, alamar maƙerar babana.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ina 'yar ƙarama babana hauya da gatari da lauje kawai yake ƙerawa, kuma ana saye. Amalanke daga Yamai ake kawo ta, in ƙarfen ƙafafunta ya karye sai ta kwanta har a samu mai zuwa birni. Wani rani babana ya ajiye hauya, ya sayi matacciyar amalanke ya wargaza ta, ya riƙa zuwa wurin mai walda yana koyo kamar yaro. Na ce mutane sun yi masa dariya. Na ce ta farkon da ya haɗa, a hanyar Bonkuku ƙafarta ta dama ta cire, ta yi gaba ita kaɗai.

"Ni ne a kai!" in ji dattijo mai goro, yana buga sanda a ƙasa. "Wallahi ni ne! Ƙafar ta riga mu isa kasuwa!"

Wurin ya kece da dariya, har Mushe ya dafe tebur. Ni ma na ji muryata ta saki. Na nuna bakin shinge na ce su duba abin da ya kawo su yau. In ta lalace, wa suke jira daga Yamai?

Abokin karawata bai bar ni na huta ba. Ya ce, "Malama mai jirgi, ranin nan da babanki ke koyo, mi kuka ci a gida?"

Na san amsar. Na ce baffana ne ya ci gaba da ƙera hauya yana kaiwa kasuwar Tabla.

"Kun ji ko! Mai saidawa ya ciyar da mai mafarki!"

Baffana ya miƙe ya ɗaga hannu biyu kamar ɗan kokawa, aka yi masa guɗa. Na bari suka lafa, sannan na ce gaskiya ne, ba don baffa ba da mun sha wuya. Amma hauya duk hannun da ta faɗa gona za ta. Bindigar da ka sayar, ba ka san ta wace hanya za ta dawo maka ba. Nan kam ba wanda ya yi dariya. Dattijo mai goro ya ce a hankali, "Awo, haka ne."

Alƙalai suka ba abokin karawata nasara, suka ce ya fi iya tsara zance. Ya zo ya ce mini, "In kin ƙera jirgin, ni zan saida miki shi." Na yi dariya, amma hankalina yana kan bencin baya. Na tona faɗuwar babana a gaban gari, ni da ko gaisuwa sai na durƙusa nesa nake yi masa.

Muka hau amalanke za mu gida, shi da baffa a gaba, ni a baya na juya musu ƙeya. Muka wuce tasha, muka wuce masu saida itace, ƙafafun amalanke na ƙara a cikin rairayi. Can babana ya gyara murya.

"Ka gaya ma yarinyar nan," ya ce wa baffa, "ƙafar hagu ce ta cire, ba ta dama ba. Mai son ƙera jirgi ba ta rikita hagu da dama."

Baffa ya yi dariya har jakin ya razana. Ya ce, "To, yaya, batun Yamai fa? Ta gaji da jira."

Babana ya ɗan janye rawani daga bakinsa. Bai waiwayo ba, amma ya ɗaga murya yadda ba sai an isar mini ba.

"Ta tahi. In ta koyo, ta zo maƙera ta nuna mini abin da ya sa ƙafar nan ta cire, don har yau ban gane ba."