Garwashin Tsohon Gari

Ku matso nan, 'ya'yana, ku ba ni kunne. Akwai rana ɗaya da ba zan manta ba har a kwantar da ni a makara: ranar da garinmu ya tashi.

Garinmu ƙarami ne, a bakin ruwa, yamma da Kontagora. Maza sana'ar su, mata bandar kifi. Da aka datse kogi sai ruwa ya riƙa hawa, yau ya ci gonar wane, gobe ya leƙa maƙabarta. Aka ce mu koma kan tudu a tsallake.

To, muna da al'ada. Tun da kakan kakanmu ya sari garin, wutarsa ba ta taɓa mutuwa ba. In ta mutu a murhunki, sai ki ɗauki kasko ki ɗebo garwashi a maƙwabta. Dattawa suka ce budurwa ɗaya za ta ƙetare da garwashin tsohon gari a tukunya, kowane gida ya ɗiba daga hannunta. Liman ya ce, "Jama'a, wuta fa wuta ce." Ba wanda ya kula shi.

Ni ce babba a ɗakinmu, ni ke hura wuta kullum safiya. Amma kakarmu ta tsallake ni, ta nuna ƙanwata.

Na ce, "Kaka, ni fa?"

Ta ce, "Ke da rawar kanki? Riƙe mana kaji."

Mata suka kwashe da dariya. Aka ƙunsa wa ƙanwata lalle, aka ɗaura mata sabon zane, ana ta guɗa. Ni kuwa ga ni da akurki a cinya cikin kwalekwale, kaji na yi mini kashi a zane, ita tana gabana da tukunya tsakanin ƙafafu. Wallahi abin da ke ci a ƙirjina ya fi na tukunyar zafi.

Da muka kai tsakiyar ruwa, wata ta ce, "Ku dubi masallaci!" Kowa ya waiwaya, ruwa ya kai masa ƙofa, mata suka fashe da kuka. Nan na ɗauki ƙoƙon kwarfe ruwa, na ɗaga murfin tukunyar, na tuttula. Kukan mata ya rufe ƙarar.

A gaɓa aka buɗe tukunya, sai baƙin gawayi. Kaka ta zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ni na fara cewa, "Ai dama ba ta iya riƙo ba."

Da ashanar wani ɗan koli aka kunna wutar sabon gari. Shekarar nan kifi ya yi wuya, awaki suka yi ta mutuwa, duk aka ɗora wa ƙanwata. Mata suka daina karɓar garwashi daga hannunta. Ba ta taɓa musawa ba. Daga baya ta auri wani manomi a Kaboji, inda ba ruwa sai rijiya.

Sai da muka yi furfura, tana kwance ba lafiya, na je na durƙusa na gaya mata.

Ta ce, "Yaya, ai na gan ki. Har ƙafata kika jiƙa."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Da na faɗa, ke ba za ki iya ɗauka ba. Ni na iya."

A ranar na gane abin da Kaka ta gani. Ba son kai ta yi ba, ta san wacce ke iya riƙo. Ku ji ni, in aka fifita wani a kanku, ku fara tambayar kanku dalili kafin ku miƙa hannu.

Kaka ta rasu ba ta san gaskiya ba. Liman ya tsufa yana cewa a bar ƙanwata ta huta. Ita tana kwance a kabarinta a Kaboji, 'ya'yanta tara sun yi albarka. Ni kuma ga ni a Kontagora, a gidan ɗana, ina ba da labarin garinmu da bakina, amma waɗanda ya kamata su ji duk sun riga ni tafiya.